Balki da Amawalin Attahir

Duk wanda ya san Balki 'yar Tanko ta Afala ya san akwai magana guda da ba a taɓo mata ita da wasa, wato maganar banki. Ni taubashinta ne, uwarta ƙanwar ubana ce, don haka al'ada ta ba ni izinin tsokanarta, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Amma ko ni, in zan ce mata "Madam banki", sai na fara duba inda ƙofa take.

Tun tana ƙarama fushi bai yi mata wuya ba. Ba son boko ne ya sa ubanta ya kai ta lekol, wato makarantar boko, ba. Maigari aka matsa wa ya kawo yara, ya zo ƙofar gidan Tanko, shi kuwa Tanko ya dubi 'ya'yansa ya zaɓi wadda ta fi damunsa da tambaya ya ce a tafi da ita. Ta tafi tana kuka, ta dawo tana gyara wa kowa magana. Daga Afala ta wuce kwaleji a Tawa, daga nan ta samu makarantar koyon aikin ofis da lissafi a Yamai. Harshe uku take ji: Hausa ta gida, Faransanci na lekol, sai Buzanci, wanda ta tsinta a gonar ubanta.

Ga yadda aka yi. Kowace shekara bayan girbi, wani Buzu mai suna Attahir yakan gangaro daga arewa da raƙumansa da shanunsa da awakinsa, ya kafa bukka a gonar Tanko. Dabbobi su ci kara su bar taki, gidan Tanko ya ba da hatsi, gidan Attahir ya ba da nono. Tun kakanninsu ake haka. Balki cikin 'ya'yan Attahir mata, su Kadidiya, ta girma, tare suke kiwo tare suke faɗa. Kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin bakin Attahir ba. Kamar kowane dattijon Buzu, amawalin rawaninsa yana rufe da hancinsa da bakinsa, ido kawai ake gani. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin amawali kofin yake shiga ya fito. Suna yara sun sha laɓewa bayan bukka don su gani, ba su taɓa yin sa'a ba. Tanko da kansa yakan ce shi da ido da tafiya da tari ya san abokinsa. A wurinsu namiji ya buɗe bakinsa cikin mutane, balle gaban mata da yara, abu ne da ya yi kusa da tuɓe wando a kasuwa.

Shekarar tamanin da huɗu, lokacin babban hutu, Balki ta samu sitaj a reshen wani babban banki a Tawa, wato a zo a koyi aiki wata uku ba albashi. Hutun damina ake kiransa, amma a shekarar sunan kawai ya zo. An yi shuka ta bushe, an sake ta sake bushewa. Gefen garin Tawa ya cika da mutanen arewa waɗanda dabbobinsu suka ƙare, suna zaune ƙarƙashin tsummokara suna jiran motar taimako. Rumbun Tanko babu abin da ya rage ciki sai ƙaiƙayi. Ɗalibai uku aka ɗauka sitaj, kuma tun ranar farko shef, wato shugaban reshen, ya ce ɗaya daga cikinsu za a ba aiki baɗi. Duk gidan Tanko, daga tsohuwa har na goye, kan wannan magana suka jingina.

Shef ɗin nan sunansa Ciɗo, ana ce masa Mushe Ciɗo, wato Malam Ciɗo da Faransanci. Ɗan Adar ne tsantsa, daga wajen Bambeye, amma ya yi karatu a ƙetare ya dawo ya kulle Hausarsa a durowa. Mutum biyu kawai yake buɗe wa durowar, uwarsa da mai tsire. Zafin Tawa bai hana shi ɗaure wuya da karabat ba, kuma in ya yi tafiya cikin banki takalmansa kan yi ƙara tun daga nesa, abin da ma'aikata suka ɗauka rahama ce daga Allah.

Balki ta zo da bik biyu na rubutu da rula, tana zaton teburi za a ba ta. Sai aka tsayar da ita a gefen gishe, tagar da ake biyan mutane, aka ce ita ce tafinta. A lokacin wani umarni ya zo daga sama. Zamanin soja ne, ba mai tambayar wace sama. Umarnin ya ce duk wanda ya zo karɓar kuɗi sai an dubi fuskarsa an gwada da hoton da ke kan katinsa na shaida. Ga mai hula wannan ba komai ba ne. Ga Buzu kuwa, ma'anarsa ya sauke amawali har haɓa, a tsakiyar banki, gaban layin maza da mata. Aikin Balki shi ne ta faɗa masa haka da harshensa.

Abin haushin, mai hoton da ya zaga daji ya ɗauki mutanen nan da rawunansu ya ɗauke su. Kowane kati ido biyu ne da karan hanci. Saboda haka in mutum ya sauke amawali, sai ya rage kama da hotonsa. Ba a yi mako ba Balki ta ɗauki kati ɗaya ta shiga biron shef, wato ofishinsa.

"Mushe, duba nan," ta ce da Faransanci. "Hoton ba shi da baki. Da me muke gwada bakin?"

Mushe Ciɗo bai ɗaga kai ba. "Madmazel, an kawo ki ki koyi aiki ne ko ki koya mana?"

"Tambaya na yi."

"Umarni ya ce a ga fuska. Baki yana cikin fuska ko ba ya ciki? To. Rufe mini ƙofa, sanyi yana fita."

Mai biyan kuɗi a gishe wata Madam Salamatu ce, mace mai jiki da haƙuri, wadda ta ga shef-shef da yawa sun zo sun wuce. Da ta ga Balki ta dawo tana huci sai ta matso da kujerarta.

"Ke ɗiya, mi kika tahi nema can ciki?"

"Madam, wannan abin ba shi da kai."

"Wa ya ce miki kai aka nema? Ni kaina ba ni kallonsu. In sunka sauke, kunnensu nika dubawa in buga tampo kan takarda. Ke ma nemi wurin da za ki aje idonki, wata uku kamar gobe ne."

Balki ta zaɓi ƙasa. Kullum tana tsaye, tana kallon siminti, tana faɗin jimla ɗaya da Buzanci, mafi taushin da ta iya haɗawa: Baba, a yi haƙuri, an ce a sauke amawali. Ba ta kallo, amma tana ji. Tana jin shirun da kan biyo baya, da motsin yadi, da dariyar wani shaƙiyyi daga bayan layi. Wani lokaci ido kan kuɓuce mata ta ga kumatun da rinin rawani ya mayar shuɗi, da bakin tsoho wanda yunwa ta lotsa. Wasu sukan naɗe takardarsu su fita, su dawo bayan kwana biyu in yara sun ishe su da kuka.

Abin da ya fi cin ranta sai daga baya ta gane shi. Mutanen nan duk suna jin Hausa. Da Hausa suke ciniki a kasuwar Tawa, da Hausa suke gaishe da gardin ƙofa. Ba a bukatar tafinta ko kaɗan. Mushe Ciɗo ya san nauyin maganar sarai, a cikin Buzaye ya girma kamar kowa, shi ya sa ya nemi bakin da ba nasa ba ya ɗora ta a kai. Kuma bakin da ya samu na yarinya ne.

A gidan gwaggonmu ta sauka, kuma gwaggo ta ce a watannin nan tukwanenta sun yi siriri, don Balki na dawowa daga aiki sai ta hau wanke-wanke kamar tana da tsohuwar gaba da su. Na je gaishe ta wata rana na ce, "Madam banki, yaushe za a fara ba taubasai rance?" Ta jefe ni da murfin kwano. Amma ba ta bar aikin ba. Ubanta ya aiko direban kamiyo, babbar motar kaya, da saƙo cewa ta yi haƙuri ta bi manya, kowa ita yake kallo. Shi ma Mushe Ciɗo, wata rana da yake cikin raha, ya ce mata in ta ci gaba da riƙe bakinta haka, ita ce gaba cikin su ukun. Ta ce masa mersi. Ta ce ranar har haƙoranta sun yi mata ciwo don cizawa.

Ana saura kaɗan sitaj ya ƙare, wata Litinin da hantsi banki cike, ta ɗaga kai ta ga wani tsoho yana shigowa. Tun bai iso ba ta gane tafiyar. Attahir ne. Ya rame har rigarsa tana lilo, rawanin ya koɗe, amma a naɗe yake tsaf. Dabbobinsa sun mutu a hanya, raƙumi na ƙarshe a kusa da Tebaram ya faɗi. Yanzu yana cikin masu zaman gefen gari da 'ya'yansa mata da jikoki. Ɗansa Sidi, wanda ke aikin ma'adini a Arlit, shi ya aiko masa da shek, takardar karɓar kuɗi a banki.

Da layi ya kawo shi, Balki ta zagayo ta durƙusa a gabansa ta gaishe shi. Ya dube ta ta saman amawali.

"Ɗiyat Tanko? Ke ce nan cikin sanyi? Ina ubanki?"

"Yana lahiya, Baba. Ina su Kadidiya?"

"Suna nan. Yaran ne dai ba su barci."

Mushe Ciɗo yana hangen komai ta gilashin bironsa. Ganin ɗalibarsa a durƙushe a tsakiyar banki, sai ga ƙarar takalma.

"Me ke faruwa nan?" ya tambaya da Faransanci.

Balki ta miƙe. "Mushe, wannan na san shi. Abokin babana ne, a hannunsa na girma. Shi ne mai katin, na tsaya masa."

"Idon ɗaliba ba shaida ba ne. Faɗa masa."

"Mushe, don Allah. A kai shi bironka ko da, ku biyu."

"In na kai shi, gobe in kai ɗari? Faɗa masa, mutane na jira."

Ta ce ta buɗe baki da niyyar faɗa, don jimlar ta riga ta zama mata kamar salati. Sai ta tuna wannan mutumin ne ya ɗora ta kan raƙumi karon farko, ya riƙe mata ƙafa har ta daina ihu. Jimlar ta ƙi fita. Abin da ya fito, da Hausa ya fito, kuma har gardi ya ji.

"Ba ni hwaɗi. Hwaɗa mishi da bakinka. Yana jin Hausa, kai ma kana ji."

Mushe Ciɗo ya taɓa karabat ɗinsa, ya dubi layi, ya ga duk ido a kansa yake. Babu hanya, sai ya buɗe durowa.

"Tsoho," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "sauke amawali a gani."

Attahir ya dube shi, ya dubi matan da ke kan benci, ya dubi Balki. Ya miƙa hannu ya ɗauki shek ɗinsa daga kan gishe, ya linke shi a hankali, ya sa a aljihun ƙirji, ya juya ya nufi ƙofa.

Nan fushin Balki ya sake hanya, ya bar shef ya bi tsoho. Ta riga shi isa ƙofa ta tsaya ta ware hannuwa.

"Ina za ka, Baba?" ta ce da Buzanci. "Yanzu ka ce yara ba su barci. Me za ka kai musu?"

"Allah yana nan, ɗiyata. Ba ni hanya."

"Allah ne ya ba Sidi ya aiko! Rawani za su ci? Wallahi ba ka fita."

"Kauce."

Ba ta kauce ba. Ta ce ba ta yi tunani ba ko kaɗan, don da ta yi tunani da ta tuna rumbun ubanta. Ta cika ƙirji ta daka tsawa irin wadda take kora awaki da ita daga gona.

"Jama'a! Kowa shi juya shi dubi bango! Maza da mata! Yanzu!"

A zamanin nan in an daka tsawa, mutum yakan bi tukuna, ya tambayi dalili in ya isa gida. Layi gaba ɗaya ya juya. Matan benci suka juya da goyonsu. Gardi ya juya ya fuskanci ƙyaure. Ɗaliban nan biyu suka juya, Madam Salamatu ta murɗa kujerarta ta ba gishe baya. Har wani sajan da ya zo karɓar albashi ya buga ƙafa ya juya, kuma an ce ya fi kowa iyawa. Balki ta ce, "Baba, ga shi nan, ba mai ganinka sai mai son gani." Ita ma ta juya ta kafa goshi a bango.

Mutum biyu suka rage suna fuskantar juna, tsoho da shef. Balki ta ji takun Attahir yana komawa gishe. Ta ji fanka tana juyawa, ta ji wani jariri ya yi tari. Sannan ta ji tampo ya sauka kan takarda da ƙarfi, kamar an mari teburin.

Ko Attahir ya sauke amawalin, ko Mushe Ciɗo ya sunkuyar da kai ya buga tampo bai duba ba, har yau ba wanda ya sani. Shef bai taɓa faɗa ba, tsoho kuwa ba mai ƙarfin halin tambayarsa. Madam Salamatu ta yi shekaru tana rantsuwa ta ga komai ta cikin gilashin kabad, amma duk wanda ta ba labarin daban take ba shi.

Aka biya Attahir, ya fita bai dubi Balki ba. Mushe Ciɗo ya kira ta biro ya rufe ƙofa, ya manta da Faransanci gaba ɗaya. Hausar Bambeye ce ke zuba.

"Ke mahaukaciya ta? Kin san mi aka kiran wanda ya sa taron mutane sunka yi abu guda da tsawa guda, a wannan zamani? Gaban soja? Kina so a rufe ni da ke?"

"Da ka kai shi ciki tun farko."

"Ni na rubuta umarnin? Ni ma ɗiya gare ni, ni ma gida guda ke kallona!"

"To ka ji daɗi, kai ka iya kallon mutane."

Ya ce ta kwashe bik ɗinta da rularta ta fita kafin azahar, kuma ta gode wa Allah bai kira jandarma ba. Washegari aka tsayar da ɗaya daga cikin samarin nan biyu a gefen gishe. Bai san ko kalma ɗaya ta Buzanci ba, da Hausa yake faɗin jimlar, kuma kowa yana ganewa. Shi aka ba aikin.

Balki ta ƙare makaranta, amma ba bankin da ya sake buɗe mata ƙofa, don shef-shef suna gaisawa da juna. Sai da ta yi zaman gida mai tsawo kafin ta samu aikin sakatariya a wani ƙaramin lopital, wato asibiti, da albashin da bai kai rabin na banki ba. Da shi ta riƙe gidan Tanko, da shi ƙannenta suka yi karatu, a ƙuntace. Har gobe in ta tuna tana cewa da za a mayar da ita ranar, tsawar za ta ƙara wa ƙarfi.

Amma in ka bar ta ta kai ƙarshen labarin, za ka ga ba korar ce ta fi ƙona mata rai ba.

Bayan ta koma Afala da 'yan kwanaki, gida ya yi shiru kamar an yi rasuwa, ba mai yi mata faɗa ba mai yi mata magana, sai ga Attahir a kan jakin aro da rabin buhun hatsi. Ya sauke a ƙofar gidan Tanko. Tun kakanni hatsi daga gidan nan yake fita zuwa bukkarsa, yau ga shi ya juyo. Tanko ya shimfiɗa tabarma. Bayan an gaisa an sake gaisawa, Attahir ya gyara zama ya ce yana da ƙara.

"Tanko, ɗiyarka. Boko ya ɓata ta. Ta ɗaga murya cikin maza har ana ji a titi. Ta tare wa dattijo ƙofa. Na ce ta kauce har sau biyu, ta ƙi. Ni ban ga irin wannan ba."

Tanko ya yi salati, ya aika a kira ta. Balki ta fito da hannu duk toka, tana zaton godiya aka zo yi mata, har ta shirya cewa ba komai.

"Durƙusa," in ji ubanta. "Ba Babanki haƙuri."

Ta dubi ubanta, ta dubi buhun, ta dubi ido biyun nan da ke saman amawali. Ta ce ta rantse da Allah gefen idanun a tattare suke, irin na mai dariya, amma ba ta da hanyar tabbatarwa. Ƙannenta sun leƙo ta bayan danga, uwarta tana tsaye bakin zaure. Ta durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce ta tsakanin haƙora.

Attahir ya dube ta, kamar mai auna ko haƙurin ya cika mudu.

"Na yafe," ya ce. "Amma kar a ƙara."